Azara Ta Fi Bango Daɗewa: Tarihin Gidan Manomi a Ƙasar Gaya da Ajingi da Matsalar Adana Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya bi abin da masana suka rubuta a kan ginin Hausawa zai lura da cewa kusan dukkansa a kan birni aka yi shi. Z. R. Dmochowski ya ƙare shekarunsa yana auna fadoji da masallatai da gidajen manya, aka buga aikinsa cikin juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa. H. T. Sa'ad ya yi nazarin gwanayen magina a 1981, F. W. Schwerdtfeger ya yi na gidajen birnin Zariya a 1982, sa'an nan J. C. Moughtin ya fito da littafinsa na ginin Hausa a 1985. Ba za a raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ba. Sai dai manomi, wanda shi ne mafi yawan Bahaushe, gidansa bai sami irin wannan kulawa ba, ko daga masana ko daga doka.

Wannan takarda za ta duba tsohon gidan manomi a ƙasar Gaya da Ajingi, ta fuskar itacen da ke cikinsa. Abin da nake son in nuna shi ne, a gidan ƙasa ba bango ne ke riƙe da tarihi ba, azara ce; kuma duk wata dokar adana kayan tarihi da ba ta san da wannan ba, to, ba za ta ceci gida ko guda ba. Na dogara da abin da aka riga aka rubuta, da kuma wani gida ɗaya da na sani ciki da bai, watau gidan kakannina na wajen uwa, a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ko na masu gidan ba, domin maganar ta taɓa rabon gado, masu ita kuwa suna raye.

Ƙasar da yadda aka zauna ta

Ba sai an daɗe a kan tsufan Gaya ba. Labarin Bayajida ya ce a nan maƙera suka ƙera masa wuƙa, Kanawa kuma sun riƙe cewa daga Gaya Abagayawa suka zo neman tama har suka zauna a gindin Dala. Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Agalfati, ɗan Sarkin Macina, wanda ya zama Sarkin Gaya a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452–1463). Ajingi a ƙasar Gaya take har zuwa 1996, lokacin da aka ba ta ƙaramar hukuma tata, kuma ko a tsarin da aka yi a 2024 Gaya da Ajingi da Albasu masarauta ɗaya ce.

Abin da ya fi shafar maganarmu shi ne yadda mutane suka zauna a ƙasar. A ƙarni na sha tara gabas da kudancin Kano ba wurin barci da ido biyu rufe ba ne. Ningawa suna kawo hari suna kama mutane, a ƙarshen ƙarnin kuma Basasa (1893–1895) ta ratsa wannan yanki. Saboda haka mutum ya fi son ya kwana a bayan ganuwa ko cikin kafi, gari ya waye ya fita gona. Wanda ya kafa gida a tsakiyar gonarsa ba zai zuba dukiya a gini ba, tun da bai san ranar da zai gudu ya bar shi ba. Bayan zuwan Turawa a 1903 hari ya ƙare, mutane suka ƙara bazuwa cikin gonaki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, ƙasar Gaya kuwa jigawa ce mai rairayi, irin wadda gyaɗa ke so. A nan ne kuɗi ya fara shiga hannun manomi da yawan da zai iya kiran magini. Don haka in mun ce "tsohon gida" a ƙauyukan Kademi ko Balare ko Toranke, galibi muna nufin ginin da aka yi tsakanin zuwan Turawa da samun 'yancin kai a 1960. Ya kamata a riƙe wannan, domin za mu sake komowa kansa in mun zo maganar doka.

Itace a cikin gidan ƙasa

A ƙasashen Turai, kamar Ingila da Jamus, akwai tsofaffin gidajen manoma waɗanda itace ne ƙashinsu. Akan kafa ginshiƙai da gicciye na katako, su ɗauki nauyin gidan duka, sa'an nan a cike tsakaninsu da ƙasa ko bulo. Wanda ya tsaya a waje yana ganin itacen baro-baro. Ginin Bahaushe akasin haka ne. Bangon tubali shi ke ɗaukar nauyi, itacen kuwa yana ɓoye cikin rufi da baka da kan ƙofa. Wannan ne ya sa baƙo yakan ce gidan Bahaushe ƙasa ce zalla. Ba haka ba ne. A zare itacen da ke cikin soro, abin da zai rage kango ne.

Itacen gidan manomi iri biyu ne. Akwai mai gajeren kwana: dirka da gwafa na rumfa, da sandunan jinka da tankarsu, da turakun danga, da itacen da ake shimfiɗawa bisa duwatsu a ɗora rumbu. Waɗannan daga daji ko gona ake samunsu, marke ko ƙirya in an dace, daga baya kuma darbejiya, wadda a zamanin Turawa aka kawo ta. Maigida da 'ya'yansa su ke yin wannan aiki da kansu bayan kaka, ba a kiran kowa. Kuma lalle ne a faɗi gaskiya: yawancin ɗakunan ƙauye a da kago ne mai jinka, ko tafarfara, an kewaye gidan da darni ko zana. Soro abin mai hali ne.

Iri na biyu shi ne azara, wadda ake faskarawa daga giginya. Magina sun fi son namijin giginya, wanda ba ya 'ya'ya, domin ya fi tauri, kuma a jikin bishiyar ma ɓangaren da ke ƙasa da cikin nan da take yi shi ne na ƙwarai. Bayan itacen ne ke da ƙarfi, tsakiyarsa ɓargo ne mai laushi da ake sassaƙewa a yar. Azarar da ta nuna baƙa ce, tana da nauyi, tana da tsikari mai shiga hannu, gara ba ta cinta, ruwa kuma ba ya saurin ruɓar da ita. A ƙasar da gara ke cinye ƙyaure cikin damuna biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma azara tana da iyakarta, kuma iyakar nan ita ce ta tsara siffar ɗakin Bahaushe. In aka ɗora mata nauyin ƙasar rufi, ba ta iya haye fiye da kamar kamu huɗu, watau ƙafa shida, ba tare da ta lanƙwasa ba. Shi ya sa shigifa take da tsawo amma ba ta da faɗi. Duk dabarun da magina suka ƙago, dabarun tsallake kamu huɗun nan ne. Na farko shi ne tauyi: a dasa gajerun azara a saman bango su leƙo ciki daga ɓangarorin biyu, sa'an nan a ɗora wata a kansu, faɗin ɗaki ya kai ƙafa tara ko ya ɗan wuce. Na biyu, a gicciya azara a kusurwoyin ɗaki, a rage bakin da za a rufe, a sake gicciyawa a kan na farko har rufi ya haɗe. Na uku, a tsayar da ginshiƙi a tsakiya. Na huɗu kuwa, wanda shi ne gwaninta, shi ne baka. Magini zai dasa azara cikin bango ta karkato ciki, ya ɗaure ta da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe; sa'an nan ya ɗora wata ta zarce ta farko, haka daga nan, haka daga can, har hannuwan biyu su gamu a sama. In bakuna suka gicciye juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ɗaurin guga, domin ya yi kama da itacen da ake gicciyawa a bakin guga. Wanda ya ɗaga kai a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ƙasa yake gani an goge ta sumul, amma abin da ke tsaye a kansa azara ce ɗaure da igiya. Zauren manomi mai baka ɗaya ƙanen wannan masallaci ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bisa azarar sai a shimfiɗa zana ko kara, a zuba kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a daɓe, a karkata ta wajen indararo, a ɗaga rawani a kewaye, a tsayar da zankwaye a kusurwa. Daga nan sai shafe. Mai hali yakan sa laso, wanda ake haɗawa da katsin karofi da gashin jima da dafara. Wanda bai kai nan ba ya sa makuba ta ɓawon ɗorawa. A lura da wannan: rufin soro ɗaya yana bukatar mai faskaren giginya, da marini, da majemi, da mai ɗorawa a gona. Da karofin ƙauyuka suka mutu, katsi ya yi wuya, laso ya bi shi, ba tare da wani ya yi niyyar kashe shi ba.

Me ya sa manomi ya ɗauki wannan wahala? Ba don ado kawai ba. Gobara ce. A lokacin hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa ya lashe unguwar jinka da rumbunanta. Soro shi ne wurin da ake ajiye tufafin kirki da takardu da kuɗin gyaɗa, shi ne kuma abin da ake tararwa a tsaye bayan wuta ta mutu.

Gidan da na sani

Gidan kakannin nawa gidan gandu ne. Polly Hill ta bayyana irin waɗannan manyan gidaje a Dorayi cikin littafinta na 1977, inda uba da 'ya'ya da jikoki ke zaune a bayan zaure ɗaya. Namu bai kai girman nata ba, amma tsarin ɗaya ne. Zaure yana fuskantar hanya, da dakali a gabansa. In ka wuce shi sai ƙofar gida, inda turken jaki da ɗakin samari suke, sa'an nan shigifa, sa'an nan cikin gida, kowane magidanci da sashensa. Rumbuna suna baya, kusa da inda ake tara taki. Soro uku ne kurum a gidan duka: zaure, da shigifa, da turakar maigida. Sauran jinka ne, daga baya suka koma kwano.

Tsofaffin gidan sun ce kakan kakana ne ya gina zauren da kuɗin gyaɗa, bayan babbar yunwar nan ta 1913 zuwa 1914. Wannan shi ne iyakar shekarar da za a iya ba ginin, kuma a nan akwai wani abu da ya kamata masu nazarin tarihi su sani. A Turai, in ana son sanin shekarun gidan katako, sai a huda itacen a ƙirga zobban da bishiya ke yi kowace shekara, har a faɗi shekarar da aka sare ta. Giginya ba ta yin zobe. Ita dangin dabino da goriba ce, jikinta zare-zare ne. Awon da ake yi wa tsofaffin abubuwa a ɗakin gwaji kuma ba ya tantance abin da bai wuce shekara ɗari biyu ko uku ba. Saboda haka shekarun azara a bakin mutane suke. Ran da tsohon da ya san labarinta ya rasu, ta zama itace kawai.

Duk da haka azarar tana magana in an sami mai jin yarenta. Da na kai ɗalibaina muka auna zauren, mun tafi da wani tsohon magini na yankin. Ya ɗaga kai ya nuna mana cewa azarar rufin ba sa'o'in juna ba ne. Waɗansu suna da tsohon sassaƙa da gurbin igiya a inda babu abin da aka ɗaure, alamar sun taɓa zama a wani gini kafin wannan. Waɗansu sun sha hayaƙi sun yi baƙi ƙirin alhali maƙwabtansu ba su sha ba, zaure kuwa ba a girki a cikinsa. Muka koma wajen tsofaffi da wannan tambaya, sai wata gwaggon mahaifiyata ta ce ai ta ji ana cewa da aka fito daga cikin gari aka tare a gona, an rushe tsohon soron gidan, aka ɗauko azararsa a kan jakuna. Ke nan rabin rufin ya girmi bangon da ke ɗauke da shi, mai yiwuwa ma ya ga Basasa. Ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan labari, domin ba wanda ya taɓa tambaya.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya tashi a ƙauye. Bango ƙasa ne, daga kududdufin bayan gida aka haƙo shi, in ya faɗi a jiƙa shi a sake yin tubali da shi. Azara ce ake saye da kuɗi, ita ake ƙirgawa a rabon gado, ita ake zarewa in za a yi ƙaura. Kufai ba ya rasa tudun ƙasa, amma ba za ka taɓa tarar da azara a cikinsa ba.

Abin da ya riƙe zauren nan shekara fiye da ɗari kuwa ba ƙarfin gini ba ne, yaɓe ne. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, maigida zai sa a kwaɓa ƙasa da ramno, samarin gandu su hau su toshe tsaga, su gyara rawani, su share indararo. Aikin yini biyu ne ko uku, ba a biyan kowa, fura ce da tuwo. To, gandu ya watse. Farin 1972 zuwa 1974 ya kori samari zuwa birni, kuɗin man fetur ya riƙe su a can, ci-rani ya zama zama. Da maigida na ƙarshe ya rasu aka raba gidan, kowa ya ja bulo ya kewaye rabonsa ya fasa ƙofarsa. Zaure ya zama na kowa, watau ba na kowa ba. Shekara huɗu ba a yi masa yaɓe ba. A damunar 2022, wadda ta rushe ɗaruruwan gidaje a ƙasar Ajingi, indararonsa ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufin kwana biyu, ya bi ta gindin bakan, bangon gabas ya zauna. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Ni ma ina da nawa kason na laifi: na auna shi, na ɗauki hotonsa, na rubuta shi a littafi, amma ban taɓa aika kuɗin kwaɓa ƙasa ba.

Abin da doka ta gani da abin da ba ta gani ba

Adana kayan tarihi a hukumance ya fara a Nijeriya da aikin K. C. Murray a 1943, aka yi dokar farko a 1953, sa'an nan Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashin waɗannan dokoki ne aka ayyana wuraren tarihi na ƙasa, waɗanda aka daɗe ana ƙirga su 65. In aka duba rabon ƙasar Hausa a ciki, za a ga Gidan Makama da ganuwar Kano da ƙofofinta, da tsohon masallacin Bebeji da na Maigana, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da zane-zanen duwatsun Birnin Kudu, da Gidan Madaki na Kafin Madaki a ƙasar Bauci. Sarauta ce, da addini, da yaƙi. Gidan Madaki a karkara yake, gaskiya ne, amma gidan basarake ne, ginin Babban Gwani. Babu gidan talaka manomi.

Ba mantuwa ce kawai ta kawo haka ba, ginin dokar ne. Da take bayanin abin da ake kira kayan tarihi, dokar 1979 ta lissafa aikin hannu iri-iri, har da ginshiƙin gida da ƙyaure, ta ce sai wanda aka yi kafin 1918, ko kuwa wanda aka yi amfani da shi a wani bikin gargajiya. Masu rubuta ta sassaƙaƙƙun ginshiƙan fadojin Kudu suke tunani, waɗanda ake sacewa a kai Turai. Azara ba ta da sassaƙar ado, ba a yin biki da ita, ba kuma mai sace ta ya kai Landan. Ga shi kuma mun ga cewa yawancin sorayen ƙauye bayan kuɗin gyaɗa aka yi su, wasu gab da 1918, mafi yawa bayanta.

A ce ma an ayyana gidan. Dokar ta hana a rushe ko a sauya ko a ɓata wurin da aka ayyana sai da izni. Wannan ya dace da dutse mai zane, wanda maganinsa a ƙyale shi. Ginin ƙasa kuwa ƙyale shi shi ne kashe shi. Gida ne da ake taɓawa kowace shekara, a ƙara ɗaki in an yi aure, a rushe ɗaki in an yi mutuwa. Wane manomi ne zai yarda a ce sai ya rubuta takarda Abuja kafin ya fasa taga? Bugu da ƙari, ayyanawar kanta ba ta tsare abin da ta ayyana ba. An rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi, a tsakiyar birnin Kano, kowa na gani. An rushe Ilojo Bar a Legas a 2016, ginin da ke cikin jerin tun 1956. In haka ta faru ga ƙofar birni, ina ga zauren da ke bayan gonar gero?

Akwai wata hanyar da aka gwada, ita ce ta Dmochowski a Jos, inda aka sake gina kwatankwacin masallacin Zariya da wani yanki na ganuwar Kano da gidajen ƙabilu dabam-dabam a fili ɗaya, irin yadda mutanen Suwidin suka fara a Skansen a 1891. Aikin yana da amfani ga ɗalibi. Amma su Turawa gidan katako suke kwancewa su ɗauke shi ɗungum su sake haɗawa. Gidan ƙasa ba ya ɗaukuwa, sai dai a kwaikwaye shi. Kwaikwayon kuma yana bukatar yaɓe kamar na ainihi, ba shi da gandun da zai yi masa.

Duniya ma ta sauya ra'ayi a kan wannan batu. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta fi ba da ƙarfi ga tsare ainihin kayan da aka yi gini da su. Taron Nara na ƙasar Japan a 1994 ya yarda cewa kowace al'umma da yadda take auna sahihancin abin gadonta, a 1999 kuma aka fito da ƙa'idoji na musamman don gine-ginen talakawa, waɗanda suka ce sai an tsare sana'ar da masu ita kafin a tsare ginin. Babban masallacin Jenne a Mali yana tsaye ne domin garin duka na fitowa yaɓe kowace shekara. A nan kusa, masallacin Yama a ƙasar Tawa, ginin Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986, Agadas kuma ta shiga jerin UNESCO a 2013. Dokarmu tana nan inda 1979 ta bar ta.

Giginya da magini

Kada a ɗauka ina kira ne a hana mutane kwano. Na tambayi matan gidanmu, ba wadda ta yi kewar soro mai yoyo, ko kunamar da ke faɗowa daga rufi, ko fargabar daren ruwa. Sun yarda ɗakin kwano tanda ne a watan bazara, amma sun ce zafi bai taɓa danne yaro ya kashe ba. Malamin da ke kwana a gidan siminti ba shi da bakin amsa wannan. Abin da ake nema ƙarami ne: kada a wayi gari babu ko ɗaya, babu kuma wanda ya san yadda aka yi shi.

A ganina aikin ba na Abuja ba ne. Masarautar Gaya tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni waɗanda suka san kowane tsohon zaure a ƙasarsu. In aka haɗa su da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ɗaliban kwalejojin ilmi, rani ɗaya ya isa a rubuta abin da ya saura, a auna, a kuma ɗauki maganar tsofaffi tun suna nan, tun da mun ga cewa shekarun azara a bakinsu suke. Daga cikin abin da aka rubuta sai a zaɓi kaɗan, a yi yarjejeniya da masu su: ba za a ƙwace ba, ba za a hana gyara ba, za a biya kuɗin yaɓen shekara muddin maginin gargajiya ne ya yi shi da yaro a gefensa yana koyo. Kuɗin yaɓen zaure goma bai kai na fentin ofis ɗaya ba.

Wanda ya fi wuya shi ne giginya. Hausawa na yi mata kirari da cewa na nesa ka sha inuwarta, nisan kuwa har da na zamani, domin wanda ya shuka ta ba shi zai faskara ta ba, sai jikansa. Ga shi kuma muna cinye ta tun tana cikin ƙasa: kowane murucin da aka dafa aka sayar a tasha, giginya ce da ba za ta tsaya ba. Azarar da ake samu a kasuwa yanzu daga nesa ake kawo ta, da yawa kuma ɗanya ce, fara, wadda aka sare kafin ta nuna. A nan takwarar Gayarmu, watau Gaya ta jihar Doso a Nijar, tana da abin koya mana. A can akwai dajin giginya mai faɗi a Dallol Mawuri, wanda sara ya kusa ƙarar da shi, sai aka sa mutanen ƙauyuka cikin tsaronsa tun shekarun 1990, suna da rabo a kuɗin azarar da aka sare bisa ƙa'ida, suna kuma kare 'yan tsiron da ke gonakinsu. Fadamun da ke bin kogin Wudil zuwa Ringim ba su rasa wurin da za a yi irin wannan.

Game da zauren namu, bayan ruwa ya ɗauke aka tono azarar daga cikin ƙasa. Ba a sami ruɓaɓɓiya ba sai 'yan ƙalilan na kusa da indararo. Magada suka raba ta kamar yadda aka raba gonaki. Wani ya sayar da rabonsa aka yi rumfar kasuwa da shi, wani ya yi wa shagonsa rufi da ita ya buga kwano a kai. Rabon mahaifiyata guda tara ne, huɗu daga ciki masu baƙin hayaƙin nan ne da suka zo a kan jakuna. Na roƙi tsohon maginin ya ɗaura mini ƙaramin baka da su, ya ce ƙafarsa ba ta hawa bango yanzu, ɗansa kuma bulo yake jerawa a Kano. Suna nan jingine a bayan rumbun kawuna, an ɗora su bisa duwatsu don kada su taɓa ƙasa.